Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Mai Girma Gwamnan Jihar Kano A Kan Kiyaye Ƙwaƙwalwar Jarirai

Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Kano,
Gidan Gwamnati, Kano.



Ina neman izini in gabatar da wata magana wadda ba ta cikin irin koke-koken da aka saba kawowa fadar masu mulki, domin masu ita ba su da baki, ba su da ƙuri'a, galibinsu ma ba a raɗa musu suna ba a lokacin da musibar take auka musu. Su ne jariran da ƙwaƙwalwarsu ke samun rauni a wajen haihuwa ko a cikin makon farko, a ƙauyukanmu na arewacin Kano, tun daga ƙasar Dawakin Tofa da Minjibir har Ɗambatta da Makoɗa da Kunchi, da Bichi da Tsanyawa. Rubuta wa shugaba nasiha tsohuwar al'ada ce a Kano, tun da Shehu Magili ya rubuta wa Sarki Muhammadu Rumfa abin da ya wajaba a kan sarakuna, Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo kuma a nan ya wallafa Liya'ul Hukkami. A kan sawunsu nake tafe gwargwadon hali. Muradina ɗaya ne: gwamnati ta raini wasu daga cikin 'ya'yanmu su mai da binciken wannan al'amari aikin rayuwarsu, ƙauye kuma ya zama filin bincikensu.

Ranka ya daɗe, ƙasar nan tamu ƙasa ce wadda gona ta haɗa kai da gona, gida yana hango gida, ba a bar wa fili hutu ko na damina ɗaya ba, sai dai a ciyar da shi da takin da jakuna da amalanke ke kaiwa da rani, a shuka gero da dawa, a sa wake da gyaɗa a tsakaninsu, ƙarƙashin gawo da ɗorawa da kuka. Har masanin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya soma nazarinta tun shekarun 1960, ya sanar da duniya ita a matsayin misalin yadda jama'a mai yawa ke rayuwa a kan ƙasa kaɗan ba tare da sun kashe ta ba. Jarin irin wannan ƙasa kuwa hannu ne da hankali. Gidan da aka haifa masa yaron da ba zai zauna ba, ba zai taka ba, ba zai kai loma bakinsa ba, mutum biyu ya rasa, da yaron da uwarsa, wadda za ta goya shi yana shekara bakwai kamar yadda ta goya shi yana wata bakwai, ta bar sussuka da 'yar sana'arta ta ƙuli-ƙuli, ta janye daga biki da suna don gudun idon mutane.

Ta ƙofa biyu mafi yawan wannan rauni yake shigowa. Ta farko ita ce yankewar iskar numfashi a lokacin haihuwa. Ɗa a ciki da jinin da cibiya ke kai masa daga mabiya yake rayuwa. Idan naƙuda ta yi tsawo, ko kansa ya fi ƙarfin ƙugun uwa, ko mabiya ta ɓalle kafin lokacinta, ko jijjiga ta kama mai ciki, sai wannan hanya ta ƙuntata, ƙwaƙwalwa kuwa ta fi kowace gaɓa rashin jure wa ƙarancin iska. Duk wanda ya zauna a ƙauye ya san yadda abin yake gudana: yarinya mai cikin fari, wadda ta zo goyon ciki gidan iyayenta, kunya ta hana ta faɗa, ta kwana ta wuni a durƙushe tana cije leɓe, a wanke mata rubutu ta sha, a jiƙa mata saiwa, a jira mai gida ya komo daga kasuwa ya ba da izini, sa'an nan a shiga neman mota. In ɗan ya faɗo shiru, jikinsa laƙwas, sai tsofaffi su yayyafa masa ruwan sanyi, su kaɗa masa kwano a kunne, har ya yi ɗan siririn kuka bayan an fid da rai, a yi guɗa a yi hamdala. Ba mai sanin abin da waɗannan mintoci suka tafi da shi, sai an kwana ɗaya ko biyu ya ƙi kama nono, ya soma taune-taune. Ƙididdigar lafiya ta ƙasa ta shekarar 2018 ta nuna cewa cikin kowane jarirai 1,000 da aka haifa da rai a Nijeriya, 39 ba sa cika wata guda, kuma a shiyyarmu ta Arewa maso Yamma haihuwar da ake yi a asibiti ba ta kai ɗaya cikin biyar ba.

Ƙofa ta biyu ita ce shawara. Jajayen ƙwayoyin jinin jariri idan suna farfashewa sukan saki wani ruwan ɗorawa wanda likitoci ke kira bilirubin, hantarsa kuwa ba ta yi ƙwarin da za ta tace shi duka ba. Kaɗan ɗinsa ba ya komai, amma idan ya yi yawa sai ya ƙetara cikin ƙwaƙwalwa, ya lalata wuraren da ke riƙe da ji da sarrafa gaɓɓai. Da yawa daga cikin 'ya'yanmu maza suna gadon ƙarancin wani sinadarin jini mai suna G6PD, waɗannan kuwa kafur ɗin da uwa ta zuba cikin akwatin kayan jariri don ƙamshi da korar kyankyaso, ko lallen da aka shafa masa, yana iya farfasa musu jini. Ga shi kuma mai jego da ɗanta suna ƙunshe a ɗaki mai duhu har ranar suna, baƙar fata tana ɓoye launin, alhali da za a fito da shi bakin ƙofa da hantsi, a danna masa yatsa a karan hanci ko a goshi, a duba dasashinsa da farin idonsa, da an gani tun da sauran lokaci. Idan aka makara, sai ya saki nono, kukansa ya yi tsini, ya riƙa banƙarewa kansa na komawa baya. Wanda ya rayu cikinsu yakan tashi kurma, gaɓɓansa suna murɗewa ba da sonsa ba, sau da yawa kuma hankalinsa garau a cikin jikin da ya ƙi bin umarninsa. Mutane su ce ɗan ruwa ne, ko iska ce ta shafe shi.

Mu Musulmi ne, mun yi imani da ƙaddara mai daɗi da maras daɗi, amma malamanmu ba su taɓa karantar da mu cewa tawakkali yana nufin watsi da sababi ba. Malaman usulu sun lissafa kiyaye rai da kiyaye hankali a cikin laruran nan biyar da shari'a ta zo don tsare su, malaman fiƙihu kuma sun sanya ilmin likitanci a cikin farillan kifaya, waɗanda in wasu suka tsaya da su an ɗauke wa sauran, in kowa ya bari laifin ya hau kan al'umma duka, shugabanninta a gaba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, duk da nauyin daula da ke kansa, ya zauna ya yi talifi a kan magunguna. Idan shari'a ta haramta abin da ke gusar da hankalin baligi na dare ɗaya, to ina hukuncin sakaci da abin da ke raunana hankalin jariri har ƙarshen rayuwarsa?

A ƙasashen da suka ci gaba, wasu mutane sun ba da ƙuruciyarsu da furfurarsu ga wannan fanni, abin da suka gano kuma ya cancanci a sani. Sun tabbatar da cewa ƙwaƙwalwar da iska ta yanke mata ba lokaci ɗaya take mutuwa ba: bayan bugun farko akwai wata tazara ta kimanin sa'a shida wadda ƙwayoyinta ke farfaɗowa, sa'an nan mutuwa ta biyu ta biyo baya, wadda takan fi ta farko ɓarna. A Niyu Zilan, Alistair Gunn da Peter Gluckman sun yi shekaru suna gwaji a kan 'yan tayin tumaki, har suka nuna a shekarun 1990 cewa sanyi, idan aka fara shi cikin wannan tazara, yana rage mutuwa ta biyu; sai a 2005 manyan gwaje-gwaje a kan jarirai suka fito, daga nan ya zama ƙa'ida a asibitocin Turai da Amurka a sauke zafin jikin irin wannan jariri zuwa digiri 33.5 har sa'a 72, sa'an nan a ɗumama shi sannu a hankali. Neman maganin da zai gyara abin da ya riga ya lalace kuwa har yau ana kansa, kuma hanya ce mai tuntuɓe, domin wani magani mai ƙara jini da aka daɗe ana sa rai da shi, da aka gwada shi tare da sanyayawa a kan jarirai 500 a Amurka, sakamakon da ya fito a 2022 bai nuna wata fa'ida ba. Wannan fanni ba na mai gaggawa ba ne. Mutum yakan shiga da baƙin gashi, ya samu amsar tambaya ɗaya yana da jikoki.

Mai karatu zai iya cewa, tun da wasu sun yi wahalar, mu sai mu sayo na'ura mu huta. Amsar wannan tana cikin wani gwaji mai suna HELIX, wanda Farfesa Sudhin Thayyil ya jagoranta a kan jarirai 408 a asibitocin Indiya da Siri Lanka da Bangaladash, aka buga sakamakonsa a 2021: sanyayawar nan da ke ceto a Landan ba ta rage jimillar mutuwa da nakasa a can ba, mace-mace ma ƙaruwa suka yi, 42 cikin 100 a waɗanda aka sanyaya, 31 cikin 100 a waɗanda ba a sanyaya ba. Masu binciken sun karkata ga cewa raunin yawancin waɗannan jarirai ya soma tun da daɗewa a cikin naƙuda ko kafin ta, tazarar da ake dogara da ita ta riga ta wuce kafin su faɗo. Taƙalidi a wannan babi yana iya zama kisa. Manomanmu sun riga likitoci fahimtar haka, domin irin waken da ya yi albarka a wata ƙasa ba a raba shi ga talakawa sai masu binciken noma na cibiyar IITA sun shuka shi a gonarsu ta gwaji da ke Minjibir, sun ga yadda ya yi da ƙasarmu da ruwanmu da ƙwarinmu. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam ta fi ƙwayar wake cancantar wannan ihtiyaɗi.

Tarihin maganin shawara shi ma yana nuna cewa babban ilmi yakan fito daga idon mai lura a ƙaramin wuri. A 1956 wata ma'aikaciyar jinya, Jean Ward, a asibitin Rochford a Ingila, ta lura cewa jariran da take fitarwa su sha hantsi launinsu yana washewa, a 1958 Dokta Richard Cremer ya buga hujjar haka, daga nan aka samo fitilar nan mai shuɗin haske da ake sa jarirai a ƙarƙashinta. A 2015 Tina Slusher da Bolajoko Olusanya suka nuna a Legas, a kan jarirai 447, cewa rumfa mai wata leda ta musamman da ke tace hasken rana, ta tare mai cutarwa, tana aiki kamar fitilar lantarki. Wannan kuwa ba izini ba ne na shanya jariri a tsirarar rana. Wata uwa 'yar Nijeriya, Virtue Oboro, bayan shawara ta kama ɗanta, ta ƙera gadon haske mai aiki da wutar sola. A nan Kano ma, Farfesa Zubaida Farouk ta Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ta bi sawun yaran da shawara ta taɓa musu ƙwaƙwalwa, tana kuma cikin binciken haɗin gwiwa na asibitocin Kano da Zariya da Jos da Legas da Asaba, wanda ya gano cewa kimanin 15 cikin 100 na jariran da aka kwantar saboda shawara cutar ta riga ta kai ga ƙwaƙwalwa, kuma uwar da aka karantar da ita alamomin tun a awon ciki ba kasafai take makara ba.

Saboda haka kada wani ya ce Kano ba ta da mutanen wannan aiki. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero tana cikin jagororin binciken da aka yi a asibitoci 80 na ƙasashen Afirka huɗu, wanda ya nuna a 2023 hanyar rage mummunan zubar jini bayan haihuwa da kashi 60 cikin 100. A asibitin Malam Aminu Kano da na Murtala aka yi gwaje-gwajen da suka nuna yadda za a tsare yara masu sikila daga shanyewar ɓarin jiki da magani mai sauƙin kuɗi, tare da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka. Abin da ya yi ƙaranci shi ne hanyar da saurayi ko budurwa mai basira za su bi su dawwama a bincike. Likitan yara wanda ya kwana yana musanya wa jariri jini, ya wayi gari layin marasa lafiya yana jiransa, ba shi da sa'ar zama ya yi tahƙiƙi, ba shi da na'urar aunawa, ba shi da kuɗin bin yaro zuwa ƙauyensu. In haƙurinsa ya ƙare sai ya tattara takardunsa ya nufi Saudiyya ko Ingila, ilmin da aka biya da harajin talaka ya tafi yi wa wasu hidima.

Ga abin da nake roƙo, Allah ya taimake ka. Na farko, a kafa kujerar ilmi ta musamman a kan ƙwaƙwalwar jarirai a Jami'ar Bayero da asibitin koyarwarta, a ware mata rabo tabbatacce daga Asusun Amanar Lafiya na jiha, wato KHETFUND, da doka wadda sauyin gwamnati ba zai rushe ta ba, a kuma kira attajiran Kano su yi mata waƙafi, domin samun sadaka mai gudana da ta fi wannan yana da wuya. Na biyu, a cikin ɗaliban da jiha ke biya wa karatu a waje, a keɓe gurabe kowace shekara ga likitocin yara da ma'aikatan jinya da ungozomomi da masu gashin ƙashi da masana ƙididdiga, mata a sahun gaba domin su ne ke shiga ɗakin mai jego ba shamaki, da sharaɗin su komo, da alkawarin cewa in sun komo za su tarar da muƙami da kayan aiki da wasu ranaku a kowane mako waɗanda aka 'yanta su daga duba marasa lafiya don bincike kaɗai.

Na uku, a mai da babban asibitin Ɗambatta da na Bichi sansanonin wannan bincike, a haɗa su da makarantar ungozoma da ke Ɗambatta, domin mai binciken da ya tsaya a birni jariran da suka kai birni kaɗai zai gani, waɗanda suka cika a hanya ko a ɗaki kuwa ba za su taɓa shiga littafinsa ba. Cunkoson ƙauyukanmu, wanda ake ganinsa nauyi, a nan ni'ima ne: gidaje suna kusa da juna, mai unguwa ya san kowace haihuwa, liman yana halartar kowane suna, kuma da wannan tsari na hakimai da dagatai da matan sa kai masu bin gida gida aka fatattaki shan inna, har Kano ta ga ƙarshen nau'inta na asali a 2014. Da shi za a iya rubuta kowane jariri ranar da ya faɗo, a auna shi a rana ta uku, a bi shi har ya shekara biyu. A nan ne za a amsa tambayoyin da ba wanda zai amsa mana su daga waje: yaushe raunin yake somawa a cikin matanmu, masu fama da ƙarancin jini da zazzaɓin cizon sauro, me sanyin hunturu yake yi wa jaririn da aka ɗauko a kan babur cikin dare, sanyayawa tana da amfani a wurinmu ko illa, yara nawa ne suka gaji ƙarancin G6PD, wane irin motsa gaɓɓai da wasa da magana uwa za ta yi wa ɗanta a tsakar gida ya farfaɗo da abin da ya saura, tun da ƙwaƙwalwar yaro tana da baiwar buɗe sababbin hanyoyi a shekarunta na farko.

Na huɗu, a gina aikin a kan amana. Kano ba ta manta da gwajin maganin Trovan da aka yi a kan yara lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba, da shari'ar da ta biyo baya, da zargin da ya taimaka wajen ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003. Kada a sa jariri cikin wani gwaji sai an yi wa uwa da uba bayani da Hausa sun yarda da bakinsu, sun kuma san cewa ƙin yarda ba zai hana a yi musu magani ba. A sa malamai da iyaye mata a kwamitin da ke ba da izini, a dawo wa kowane gari da sakamakon abin da aka gano. Likitan da ya tashi a Kunchi, wanda zai haɗu da mahaifin jaririn a masallacin Juma'a, ya fi baƙo dalilin tsare wannan haddi.

Akwai kuma abin da hujjarsa ta riga ta tabbata, wanda jinkirta shi ba shi da uzuri. Jaririn da bai yi kuka ba, abin da yake bukata a mintin farko shi ne a tsane shi, a shafa bayansa, in bai numfasa ba a hura masa iska da 'yar jakar roba mai marufin hanci da baki. Da aka koyar da haka a asibitocin Tanzaniya, mace-macen ranar farko sun ragu da kusan rabi. A sa wannan jaka a kowane ɗakin haihuwa tare da wadda ta iya aiki da ita dare da rana, a sa fitilar shawara mai sola a kowane babban asibiti, a faɗa wa mata a wajen awo da ta rediyo su raba kafur da kayan jariri, su duba shi a haske kowace safiya har ranar suna, a roƙi limamai su ja hankalin maza su ba da izinin zuwa asibiti tun ciki yana ƙarami.

Na san buƙatun jiha suna da yawa, kuma wannan aiki ba irin wanda ake yanke masa ƙyalle a buɗe shi cikin wa'adin mulki ɗaya ba ne. Wanda ya dasa shi, wani ne zai ci 'ya'yansa. Amma shugaba makiyayi ne abin tambaya a kan abin kiwonsa, mafi rauni a cikin garken kuwa shi ya fi haƙƙin a tsaya masa. Ina roƙon ka tara Kwamishinan Lafiya da Shugaban Jami'ar Bayero da shugaban asibitin koyarwa da wakilan masarauta kafin a rufe kasafin kuɗin baɗi, ka umarce su su kawo maka tsari rubutacce mai suna da adadi da wa'adi, ka sa masa hannu.

Allah ya yi maka jagora, ya haɗa ka da mashawarta na gari, ya sauki matanmu lafiya, ya raya abin da suka haifa cikin ƙoshin lafiya da cikakken hankali. Amin.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Wani tsohon malamin makaranta daga ƙasar Ɗambatta.